Fijon Marigayi Alhaji: Ko A Tashe Ta, Ko A Sake Ta

Duk wanda ya san unguwanninmu na Hausawa a nan Kurmi, tun daga Sabon Badun zuwa Agege da Idi-Araba, har Shagamu da Ama Hausa ta Owerri, ya san irin motar da zan yi magana a kanta yau. Tana nan a lungu ko a bayan gida, an ɗora ta kan bulo, an yafa mata tsohon tamfol, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. In ka tambaya sai a ce maka, "Ai motar marigayi Alhaji ce, za a gyara." Shekara goma, sha biyar, ana ta "za a gyara". Mafi yawansu kuwa Peugeot 504 ce, wadda muke kira Fijo.

Ra'ayina shi ne wannan ajiya ba girmama mamaci ba ce, ɓarnar dukiya ce. Ko dai iyali su tashe ta yadda ya kamata, ko su sake ta ga wanda zai tashe ta.

Ga yaran yanzu da ke ganin ta kamar tarkace, bari in ɗan tuna musu. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa motocin Peugeot a 1975, kuma bayan Faransa ta daina yin salun ɗinta a 1983, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har 2006. Bayan kisan Janar Murtala a Legas ranar 13 ga Fabrairun 1976, gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da Peugeot motar manyan jami'anta. Ita kuwa baƙar Marsandin da aka harbe shi a ciki tana nan a gidan tarihi na Onikan, da hujin harsasai a jikinta, kowa na iya zuwa ya gani.

Mu kuma namu tarihin yana kan bulo. Da wannan mota iyayenmu 'yan goro da 'yan shanu suka riƙa tafiya gida: Badun, Oyo, Ogbomosho, Ilori, a tsallake Kwara a Jaba, a bi Mokwa, Tegina, Birnin Gwari, Kaduna, Zariya, a kwana Kano. Da ita aka kai amare, da ita aka kai masu naƙuda asibiti cikin dare. Don haka ban ga laifin wanda zuciyarsa ta ƙi rabuwa da ita ba. Laifin shi ne a riƙe ta har ta ruɓe.

To amma kafin a kira bakanike, a kira malami. Abin da ya kashe yawancin motocin nan ba inji ba ne, gado ne da ba a raba ba. Motar ta magada ce duka, har da matan marigayi da 'ya'yansa mata da ke aure a Kano ko Sakkwato, da marayun da ba su kai munzali ba. Babban wa ba zai kashe kuɗinsa ba domin ya san ranar da ta tashi kowa zai tuna da rabonsa. Ƙanne kuma ba su isa su ce a sayar ba don kada a ce ba su da kunya. Maganin ba wuya: a samo mutum biyu da suka san farashi su yi mata ƙima a yadda take, wanda ke so ya karɓe ta cikin rabonsa ko ya biya sauran, a rubuta takarda da shaidu. Wanda ya tsallake wannan ya fara sayen kaya, shari'a yake saya wa kansa.

In an gama da wannan, abu na gaba ba makulli ba ne, tsatsa ce. A nan ne zaman Kudu ya bambanta da na gida. Motar da aka ajiye a Katsina rana ce za ta ƙone mata fenti, ta farfasa robobi, amma ƙarfenta na nan. A Legas kuwa ga damina mai tsawo, ga iskar teku mai gishiri, ga tamfol da ke riƙe laima ya dafa ta a hankali. Mai karatu, ɗaga kafet ka duba ƙasan motar, ka duba cikin but, da ƙarƙashin batir, da gindin ƙofofi, musamman inda ƙafafun motar ke riƙe da bodi. Ɗan huji a ƙasa mai walda zai toshe shi. Amma in sukudireba na nutsewa a wurin da ƙafa ke riƙe, to ka haƙura, ta zama ta kayan gyara.

Sai inji. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a aro batir, a zuba fetur a kafireta, a hau murza makulli don a ji ƙararta. Injin da ya yi shekaru a kwance, baƙin mansa ya gama gangarewa ƙasa, zoben fistin na iya kamewa, murzawa da ƙarfi sai ta karya su ko ta kankare cikin silinda. A kwance fulogi huɗun, a ɗiga mai a kowane rami, a bar shi kwana biyu ko uku, sannan a juya injin da hannu da sifana. A sauke tanki a wanke, domin tsohon fetur danƙo yake komawa ya toshe komai. A canza baƙin mai da matatarsa, a wanke lagireto, a canza robobin ruwa da fanbel, a bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya domin ɓeraye ba sa barin su.

Birki kuwa ba a yi masa rowa. Man birki na shan laima, robobinsa na ruɓewa, feda za ta yi maka kamar lafiya a cikin gida, sai ka hau gadar Third Mainland ta tafi ƙasa. A canza su duka. Haka taya: ko da zanenta bai goge ba, ka duba lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Fenti shi ne na ƙarshe, ko da yake mutanenmu da shi suke farawa, saboda shi ne maƙwabta ke gani.

Abin da ya sa nake cewa a hanzarta shi ne masu gyaran. Kayan Fijo har yanzu wanda ya nema zai samu, a Ladipo ta Mushin, ko Gate ta Badun, ko Nkpor kusa da Anacha, in ta ƙure a aika Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Amma hannun da ya iya saita kafireta da kunne yana tsufa. Yaran garejin yanzu kan Toyota da Honda suka tashi, sai sun jona kwamfuta kafin su san ciwon mota. Ka nemi dattijon bakanike, Bayarabe ne ko Inyamuri ko namu, ka biya shi da kyau, kada ka matsa masa da gaggawa.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, mota mai kafireta da injin lita 2 ba ta zirga-zirgar kullum ba ce cikin cunkoson Legas. Ba ta da kariyar haɗari irin ta motocin zamani, kuma da wuya kuɗin da ka zuba su dawo in ka tashi sayarwa. Wanda kuɗin makarantar 'ya'yansa ke jira, kada ya taɓa wannan aiki. Shi ne nake ce wa ya sake ta. Sai dai ya nemi mai sha'awar tashin ta, ko mai irin ta da ke neman kaya, kafin ya kira 'yan gwangwan. 'Yan uwanmu ne, sana'arsu halal ce, amma su kilo suke aunawa, guduma ce ƙarshenta.

Wanda kuma Allah ya hore masa, in ta tashi kada ya sake mai da ita kan bulo. Ya fita da ita ko sau ɗaya a mako, ta Juma'a da ɗaurin aure, har injin ya yi zafi sosai. Kuma kafin tayarta ta taɓa kwalta a gyara takardu: a sauya sunan mai ita daga na marigayi, a tabbata lambar jikin motar ta yi daidai da ta takarda, a yi inshora da takardar lafiyar mota. In tsohuwar lamba ce irin ta kafin 1992, a karɓi sabuwa, domin jami'an hanyar Legas zuwa Badun ba ruwansu da tarihin Alhaji.

Wassalam.