Samari masu babura su bar cire kayan cikin salansa

A garuruwan da ke bakin babbar hanya mai lamba 1, daga Gidan Runji da Tibiri har Cadawa da Agye da Gazawa, babur ya zama dokin talaka. Da shi manomi yake kai buhun aya ko na wake kasuwa, da shi ake kai mai naƙuda asibiti daga ƙauyen da mota ba ta shiga, da shi kuma ɗan kabu-kabu yake ci da iyalinsa. Wannan ci gaba ne, ba mai musu. Amma wata ɗabi'a ta shigo tare da shi, wadda ya kamata hukuma da iyaye su duba: saurayi ya sayi sabuwar salansa mai walƙiya a kasuwar Maraɗi, ya kai wa bakanike, ya ce a zare masa abin da ke ciki don babur ya yi kuka.

Abin da ake zarewa ɗin ɗan bututu ne mai huje-huje da ƴan faranti na ƙarfe, wani lokaci har da wani abu mai kama da auduga da wuta ba ta ci. Aikinsu shi ne su tare hayaƙin da ke fitowa daga inji da ƙarfi, su sa shi ya yi ta zagaye har fushinsa ya huce kafin ya fita waje. In aka cire su, salansa ta koma bututu kawai.

Samari suna da hujja biyu. Ta farko, sun ce babur yana ƙara gudu. Gaskiyar magana, yawancin baburan da ke yawo a waɗannan gundumomi ƙananan injina gare su, masu lamba 100 ko 125, kuma masu ƙera su sun daidaita kafireto da salansa tare, kamar yadda ake daidaita shanun noma biyu a karkiya ɗaya. Idan hayaƙi ya sami ƙofa a buɗe, sau da yawa iska takan rinjayi mai a cikin inji, inji ya riƙa zafi fiye da kima, buji ya yi fari, bawul ya fara ƙuna. Ƙarfin tashi, wanda shi ne mai amfani ga wanda ya ɗauko mutum biyu da buhun hatsi cikin rairayi, yakan ragu. Abin da saurayi yake ji kamar gudu, kunnensa ne yake ruɗinsa. In kuma bakanike ya buɗe kafireto don mai ya ƙaru, to aljihu ne zai biya, ga shi tun da Nijeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 man bakin hanya ya daina arha irin ta da.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, ya kamata a saurare ta. Sun ce ƙara tana faɗakar da masu tafiya ƙasa da masu amalanke, su kauce tun daga nesa. Sai dai bakin salansa baya yake kallo, mafi yawan ƙarar tana zuwa ga waɗanda aka riga aka wuce. Mai son a ji zuwansa yana da oda, yana da fitila, yana da birki. Jakin da ya firgita ya watsar da tulunan ruwa, ko sa da ya zabura da amalanke a tsakiyar kasuwa, ba kaucewa suka yi ba.

Likitocin kunne suna auna ƙara da wani ma'auni da ake kira desibel. Sun nuna cewa wanda yake zama cikin ƙara mai kai 85 har awa 8 kowace rana, jinsa yana cikin hatsari, kuma duk lokacin da aka ƙara 3 a kan wannan adadi, lokacin da kunne zai iya jurewa yakan ragu da rabi. Babur maras kayan cikin salansa yakan wuce wannan iyaka. Wanda ya fi kowa cutuwa shi ne ɗan kabu-kabun da ke zaune a kansa tun safe har magariba. Kurumta irin wannan sannu take shigowa, da ɗan kuka a kunne da dare, kuma in ta zauna babu maganin da ke mayar da jin da ya tafi.

A gundumar Gidan Runji maganar ta wuce ta kunne. Tun shekarar 2019 dubban mutane suka ƙetaro daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, ƙauyukan wannan yanki suka ba su masauki, su ma kansu suka ɗanɗana satar shanu da ta mutane. Kowa ya san a kan abin da ɓarayin suke zuwa. A ƙauyen da ke kusa da iyaka, rugugin babur da tsakar dare yana tayar da gari duka, mata su goya yara, maza su fito da abin da ke hannunsu. Salansar da aka fafe kuwa tana da wata tsiya: in aka saki totur sai ta yi tas! tas! kamar harbi. Saurayin da ke dawowa daga zance ko rakiyar amarya yana ganin wasa yake yi, alhali yana iya jawo wa kansa sanda ko harsashi a duhu, daga hannun mutanen da tsoro ya cika.

Ya kamata samari su tuna da abin da ya sami wasu. Jihar Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a watan Janairu na 2013. An hana hawan babur a jihar Difa a 2015, aka yi haka a sassan jihar Tilaberi a 2020, duk saboda tsaro, kuma talakawa ne suka sha wuyar dokar. Ba ƙara ce ta jawo waɗannan dokoki ba, amma duk abin da zai sa jama'a su ƙi jinin babur yana sauƙaƙa wa hukuma ɗaukar irin wannan mataki.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Yarjejeniyar duniya ta zirga-zirga a kan hanyoyi, wadda aka ƙulla a birnin Biyana a 1968, Nijar kuma ta shiga cikinta a 1975, ta wajabta wa kowane injin abin hawa salansa mai aiki. Kamun jandarma shi kaɗai ba zai isa ba, don ba kowace hanyar ƙauye ke da jandarma ba. Wurin da aikin ya fi sauƙi shi ne rumfar bakanike, inda ake zare kayan. Magadan gari da hakimai su tara kanikawa da shugabannin ƴan kabu-kabu na kowace tasha, a yi alkawari cewa ba a zarewa, wanda ya riga ya zare kuma a ba shi wa'adi ya mayar kafin a kai ga tara. Mayarwar ba ta wuce ƙusa ɗaya ko biyu ba, ko ɗan walda, in dai kayan ba su riga sun tafi hannun ƴan gwangwan ba.