RA'AYI: Akwatin Farfaɗo Da Zuciya Ba Na Mai Magana Ba Ne

A wasu manyan ofisoshi, da otal-otal, da filayen jirgin sama na Ikko da sauran biranen Kurmi, an fara rataye wani ƙaramin akwati a jikin bango, an rubuta masa AED, da hoton zuciya da alamar walƙiya. Wannan ita ce na'urar farfaɗo da zuciya. Da yake 'yan Arewa da yawa suna aikin gadi da tuƙi da dako a irin waɗannan wurare, sau da yawa su ne na farko da za su iske mutum ya dafe ƙirji. Saboda haka ya wajaba su san lokacin da ake amfani da akwatin nan, da lokacin da ba a yi.

Ƙa'idar a taƙaice ita ce: mutumin da idonsa biyu, yana numfashi, yana amsa magana, ba a jona masa wannan na'ura, kome tsananin ciwon da yake ji.

Dalili kuwa shi ne akwai cuta biyu da jama'a ke haɗawa wuri ɗaya. Ta farko ita ce toshewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini. Mai ita zai ji nauyi a ƙirji kamar an ɗora masa buhu, ciwon yana iya sauka hannun hagu, ko muƙamuƙi, ko baya, ga gumi mai sanyi da tashin zuciya da numfashi sama-sama. Amma zuciyarsa tana bugawa. Wutar lantarki ba ta buɗe jijiyar da ta toshe. Wannan aikin likita ne a asibiti.

Ta biyu ita ce tsayawar zuciya farat ɗaya. A nan bugun zuciyar ne ya rikice, tana karkarwa kawai ba ta tura jini. Mutum zai faɗi, ba ya ji ba ya gani, numfashi ya ɗauke. To, don wannan aka ƙera na'urar. Tana auna bugun zuciya da kanta, in ta ga irin rikicin da wuta ke gyarawa sai ta ba da izni. Amma ba ta iya sanin ko mutum a farke yake ba. Akwai wani irin bugu mai sauri da zai iya sa ta saki wuta a kan mai numfashi, wannan kuwa yana iya jefa zuciyar da ke aiki cikin tsayawa.

To, me za a yi wa wanda ke farke? A zaunar da shi ya jingina, a sassauta masa tufafi, kada a bar shi ya yi tafiya ko ya tuƙa mota. Nan da nan a kira lambar gaggawa 112, ko 767 a Jihar Ikko, in mota ba ta samu ba a kai shi asibiti mafi kusa. In akwai asfirin a ba shi miligiram 300 ya tauna, sai fa in jikinsa ba ya karɓarta, ko yana zubar jini, ko likita ya hana shi. Kada a tsaya ana cewa ai gyambon ciki ne, bari a nemo madara. Sa'an nan a aiki wani ya ɗauko akwatin ya ajiye kusa, gama cuta ta farko tana iya rikiɗewa ta koma ta biyu cikin ƙiftawar ido.

In ya faɗi, an girgiza shi bai amsa ba, kuma ba ya numfashi sosai, lokaci ya yi. Shaƙuwa ko gurnani jefi-jefi ba numfashi ba ne. Ba a kwara masa ruwa, ba a ɗura masa kome a baki. A kwantar da shi rigingine a ƙasa, a haɗa hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya. A kunna na'urar, a share gumin ƙirji, a manna faifai ɗaya ƙasan allon wuya na dama, ɗayan a gefen hagu ƙarƙashin hammata. Ko wanda ba ya jin Turanci zai gane, don an zana hoton a jikinsu. Kowa ya janye hannu sa'ad da za ta saki wuta, daga nan a ci gaba da dannawa har masu agaji su iso.

Jama'ar Ikko ba su manta ranar 12 ga Agusta 1989 ba, sa'ad da Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Surulere ana karawa da Angola, ya rasu yana ɗan shekara 25. A ranar 12 ga Yuni 2021 kuma Christian Eriksen na Danmak ya faɗi haka nan a cikin fili, aka danna masa ƙirji, aka ba shi wuta cikin 'yan mintoci, ya rayu har ya koma wasa. Shi ma sai da ya fita hayyacinsa tukuna aka jona masa.

Rashin sani ya fi dare duhu. Ya kamata sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, da shugabannin kasuwanni, su gayyaci Ƙungiyar Red Cross ko ma'aikatan asibiti su koya wa jama'arsu wannan aiki da Hausa. Masu kamfanoni kuwa, wanda ya sayi akwatin ya rataye, lalle ya koya wa maigadin da ke kwana kusa da shi.