Rufe kaye, faɗa mini da ka

Da yawa daga cikinmu in an fasa asusu, kuɗin kaye da biki da tufafin lakol muke fara cirewa. Amma sai ƙarshen shekara ya zo, yarinya ta faɗi jarrabawa, mai gida ya ce ta zauna gida haka nan. Mu kuma mu ce: “To mu da ba mu yi boko ba, me za mu iya?” Akwai abin da za mu iya.

A shekarar 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu su koya. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi. Wasu suka karanta a zama ɗaya, aka ɗauke takardar, suka yi ta ƙoƙarin tuno shi da ka. Bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda kuwa, masu tunowa da ka sun riƙe kashi 61 cikin 100, masu maimaitawa kashi 40 kawai. A 2013 ma wasu masana sun auna dabarun karatu guda goma, biyu suka fi sauran: yaro ya gwada kansa ba ya duba takarda, kuma ya rarraba karatunsa a kwanaki, kada ya tara shi sai daren jarrabawa.

Wannan ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar allo ba a wanke allo sai almajiri ya kawo hadda, kuma kullum ana tishe. A taronmu ma, kafin a buɗe akwati sai mun faɗi da ka nawa muka bari makon jiya. Shi ya sa lissafin ba ya ɓace mana.

To mu yi ma ɗiyanmu haka. Bayan magariba, ko muna tuƙa tuwo, mu tambaye ta abu uku. Kafin ta fara: “Yau me za ki koya?” In ta gama: “Rufe kaye, faɗa mini da Hausa.” Sannan: “Ina ne ya ba ki wuya?” Wurin da ta kakare, shi za ta sake dubawa, ko ta tambayi mushe gobe. Bayan kwana biyu mu sake tambayarta darasin nan. In ta yi ta in-ina kada mu yi mata faɗa, wahalar tunowar ita ke sa abu ya zauna.

Sai dai duk wannan yana son lokaci. Yarinyar da ta dawo talla, ta ɗebo ruwa, ta wanke kwanoni, barci za ta yi bisa kaye. Mu rage mata aiki na rabin awa, mu bar mata fitila. Karatu kamar zubi yake, kaɗan-kaɗan kowane lokaci, ranar BEPC a fasa.

A taro mai zuwa kowace ta zo da labarin yadda ta kaya a gidanta. Allah ya yi ma zuri'armu albarka.