FASHIN BAƘI: Yadda bokitin koto ya zama batun doka a Amurka da Kanada

A Amurka da Kanada miliyoyin mutane na yin fatsa domin nishaɗi, kuma da dama daga cikinsu ƙananan kifaye masu rai suke saƙalawa a ƙugiya a matsayin koto. Haɗarin yana cikin bokitin da ake ɗaukar koton: ƙwayoyin cuta da baƙin kifaye, waɗanda da zarar an juye su a wani tafki babu mai iya kwashe su.

Saboda haka jihar Maine ta haramta shigo da koto mai rai daga waje. Da wani dillali ya yi odar kifaye 158,000 aka kama kayan, shi kuma ya ce haramcin ya tauye 'yancin kasuwanci tsakanin jihohi. A 1986 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai takwas cikin tara, ta goyi bayan Maine. Hujjarta ita ce ba dole jiha ta jira sai ɓarna ta auku, ko sai masana sun gama muhawara, kafin ta kare ruwanta ba.

Abin da ake gudu ya bayyana a 2005, lokacin da cutar VHS, mai sa kifi zubar jini ta ciki, ta kashe kifaye masu yawa a Tafkin Ontariyo. A 2006 gwamnatin tarayyar Amurka ta taƙaita safarar kifaye masu rai daga jihohi takwas da ke yankin Manyan Tafkuna.

Tun daga Janairun 2022 lardin Ontariyo na Kanada ya kasu gida huɗu kan batun koto, kuma an hana tsallake iyakar shiyya da shi, sai a 'yan wuraren da doka ta keɓe. Mai fatsa ba zai riƙe fiye da kifayen koto 120 ba, kuma laifi ne ya zubar da ragowar a ƙasa da mita 30 daga bakin ruwa.

Masu sukar tsarin suna da hujja: ƙananan dillalai ne ke ɗaukar nauyinsa, kuma jami'ai ba za su iya leƙa kowane bokiti ba. Amma asarar ciniki tana da magani, tafkin da baƙon kifi ya mamaye kuwa da wuya ya farfaɗo. Don haka nasarar dokar ta rataya ne a wuyan mai fatsa, a lokacin da babu jami'in da ke kallonsa.