Linkin Park da Oasis: abin da masoya ke nema idan mawaƙan ƙuruciyarsu suka dawo

Matasan da suka cika gidajen kallon ƙwallo a daren 31 ga Mayu 2025, ranar da PSG ta lallasa Inter Milan da ci 5 da nema a birnin Munich, sun ga wasu mawaƙan rock na Amurka sun buɗe fagen kafin a take wasa. Linkin Park ce, ƙungiyar da waƙarta Numb ta zagaye duniya tun 2003. Sai dai mai riƙe da makirufo a daren mace ce, Emily Armstrong, kuma batunta ya raba kan masoyan ƙungiyar gida biyu.

Asalin muryar Linkin Park shi ne Chester Bennington, wanda ya kashe kansa a watan Yulin 2017 yana da shekara 41. Ƙungiyar ta yi shekara bakwai ba ta hau dandali ba. A ranar 5 ga Satumba 2024 ta sanar da dawowa tare da Armstrong da sabon makaɗin ganga, Colin Brittain, sannan ta fitar da kundin From Zero a ranar 15 ga Nuwamba.

Masu adawa suna da hujja biyu. Ta farko ta shafi Armstrong kanta: an tono cewa ta halarci zaman kotu don mara wa ɗan wasan fim Danny Masterson baya, mutumin da aka yanke wa ɗaurin aƙalla shekara 30 a 2023 kan laifin fyaɗe. Ta fito ta ce zama ɗaya ta je, kuma daga baya ta gane bai kamata ba. Hujja ta biyu ta fi zurfi: a ganinsu sunan Linkin Park ya tafi da Bennington. Ɗansa Jaime ya zargi jagoran ƙungiyar, Mike Shinoda, da goge tarihin mahaifinsa, mahaifiyar marigayin ma ta ce an ci amanarta.

Masu goyon baya kuwa suna cewa sauran mawaƙan suna raye, sana'arsu ke nan, kuma Shinoda yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar tun tana amsa sunan Xero, kafin zuwan Bennington. A kasuwa dai su ne suka yi rinjaye, domin kundin ya hau matsayi na ɗaya a Ingila da Jamus, na biyu a Amurka.

Oasis ta Ingila ta bi wata hanya dabam. 'Yan uwan juna Noel da Liam Gallagher, da suka rabu baram-baram a Paris a 2009, sun sanar da sulhu a watan Agustan 2024. Ba su fitar da sabuwar waƙa ko ɗaya ba, amma miliyoyin mutane suka yi layi a intanet don neman tikiti. A nan ƙorafin na kuɗi ne: tikitin da aka sa wajen fam 150 ya haura zuwa fam 355, sama da jika 270 na sefa, mutane suna cikin layi. Hakan ya sa hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta buɗe bincike kan kamfanin Ticketmaster. Duk da haka filayen suka cika maƙil tun daga wasan farko a Cardiff ranar 4 ga Yuli 2025.

Me ya sa mutum zai biya irin wannan kuɗi don waƙoƙin da ya haddace shekara talatin da suka wuce? Wani nazari da Seth Stephens-Davidowitz ya wallafa a jaridar New York Times a 2018, bisa alƙaluman Spotify, ya nuna cewa waƙoƙin da mutum ya fi ƙauna har girmansa su ne waɗanda suka fito yana ɗan shekara 13 zuwa 14. Wanda ya ji kundin Hybrid Theory a 2000 yana makarantar sakandare, yau ya kusa arba'in, yana da albashi, yana da abin sayen tikiti. Kamfanonin kiɗa sun san da wannan lissafi sarai.

Wannan ne ke sa sabon kundi ya sha wahala a wajen tsofaffin masoya. Suna auna shi da waƙar da ta raka su lokacin soyayyar farko ko jarrabawa, kuma babu sabuwar waƙar da za ta ci wannan gasa. Oasis ta kauce wa tarkon ta hanyar ƙin yin sabon abu, Linkin Park ta shiga da idonta buɗe, ta sha suka, ta kuma samu matasan da ba su taɓa ganin Bennington a dandali ba.

Wanda zai ji jiki a wannan ciniki shi ne ƙaramin mawaƙi. Kuɗin da mai sauraro ya zuba a tikiti ɗaya na Oasis zai iya kai shi kallon sababbin ƙungiyoyi goma a ƙananan zauruka, waɗanda da yawansu ke rufewa a Birtaniya saboda tsadar haya da wuta. A irin waɗannan zauruka ne aka gano Oasis kanta, a Glasgow, a 1993. Idan suka ƙare, yaran da ke da shekara 14 a yau za su rasa inda ƙungiyoyin zamaninsu za su fara.