Taron Tsintsiya Ba Shara: Yawan Mabiya Ba Ciniki Ba Ne

Akwai wata magana da ta zama kamar karatun sallah a bakin masu koyar da kasuwancin intanet a ƙasar nan, wai ka fara tara mabiya, ciniki zai biyo baya da kansa. Da ita ake buɗe ajujuwan WhatsApp da ake biyan kuɗi a shiga, da ita kuma ake lallashin mai sayar da atamfa ko turaren wuta ta zare kuɗi daga jarinta ta miƙa wa wani ɗan TikTok ya ambaci sunan shagonta. Ni na ce wannan magana ba daidai ba ce, kuma ta ci jarin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

Ba a kanmu aka fara wannan ruɗu ba. A ƙarshen shekarun 1990, masu zuba jari a Amurka sun riƙa auna darajar kamfanonin intanet da yawan idanun da ke leƙa shafukansu, ba su damu da riba ba. Wani kamfani mai suna Pets.com, mai sayar da abincin karnuka da kyanwoyi, ya kashe sama da dala miliyan 1 a kan talla guda ɗaya a wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka a watan Janairun 2000. Kowa ya san sunansa, har yara sun san 'yar tsanar da yake talla da ita. Kafin ƙarshen watan Nuwamba na shekarar ya rufe. Jama'a sun zo, sun kalla, wasu ma sun saya, amma kuɗin aika manyan buhunan abincin dabbobi zuwa gidaje ya cinye duk abin da ke shigowa. Kowane sabon mai saye ƙarin asara ne. Shekara ashirin da 'yan kai bayan haka, ga mu muna sayar wa 'ya'yanmu wannan darasi da ya riga ya karye, muna kiransa sabon ilimi.

Masu wannan ra'ayi za su ce ai wanda bai gan ka ba ba zai saya a wurinka ba. Gaskiya ne, ba wanda ya musa. Amma a tambayi duk mai shafin sayar da kaya: cikin mutum ɗari da suka shigo, galibi biyu ko uku ne ke biyan kuɗi, ko a ƙasashen da sayayya ta intanet ta daɗe da zama jiki. Cibiyar Baymard, da ke bin diddigin wannan harka, ta daɗe tana nuna cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na waɗanda suka riga suka zaɓi kaya suka zuba a kwando kan fita ba tare da sun biya ba, kuma ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke korarsu shi ne ƙarin kuɗin da ke bayyana a ƙarshe, irin na aike da haraji. Da yawa cikin waɗannan fa ba 'yan kallo ba ne. Mutane ne da suka zo da niyya, hannu a aljihu, wani abu ya sa suka fasa. Ɗan kasuwar da ke da hankali zai fara tambayar abin da ya kore su kafin ya biya kuɗi a kawo masa wasu dubu goma da za su fice ta ƙofar da waɗancan suka fita.

A wurinmu kuwa abin da ke korar mai saye ba ɓoyayye ba ne. Ɗauki wata baiwar Allah a Gombe da ta ga hoton leshi a Instagram, shagon yana Kano. Ya yi mata, ta duba ƙasan hoton ba farashi, sai "a turo saƙo". Ta tura da hantsi, ba a amsa ba sai bayan isha, amsar ma kalma biyu. Ta nemi a ɗauko mata hoton kayan a hasken rana, aka sake turo mata wanda ta riga ta gani, wanda da alama daga shafin wani aka kwafo shi. Ta daure ta ce a ba ta lambar asusu, sai ga suna daban da na shagon, daban da na wadda take magana da ita. Ta tambayi yadda kayan zai iso, aka ce za a ba direba a tasha, kuɗin mota kuma sai an je an ji. In launin bai yi ba fa? Shiru. A nan ta ajiye wayar. Shagon nan yana iya zama da mabiya dubu hamsin, kuma gobe mai shi za ta yi kukan cewa kasuwa ta mutu, ta sake neman wanda zai yi mata talla.

Abin da ya ɓace a wannan ciniki amana ce, kuma babu yawan mabiyan da ke maye gurbinta. Wanda ya taɓa zama a shagon yadi a Kantin Kwari ya san yadda ake gina ta. Ana ba ka benci, a warware maka turmi ka taɓa da hannunka, a fito da shi bakin ƙofa ka ga launinsa a rana, in ka saba ma a ce "Alhaji, tafi da shi, in bai yi wa uwargida ba a dawo da shi." Mai shagon bai taɓa ƙirga mutanen da suka wuce ta layinsa ba. Ya dai san mutum talatin ko arba'in da ke dawowa kowace sallah, da ɗan sarin da ke zuwa daga Maraɗi, da wanda ke aiko kuɗi daga Yola ba tare da ya ga kaya ba. Intanet ta ɗauke benci da taɓawa da kallon ido, saboda haka wajibi ne mai sayarwa ya samar da abin da zai tsaya a madadinsu: farashi a fili, bidiyon kayan da ke hannunsa a yau, asusu mai sunan shago, adireshin da za a iya zuwa a same shi, kuɗin aike da aka faɗa tun farko, da alƙawarin karɓar kaya in an samu saɓani. Duk wannan bai kai kuɗin talla guda ɗaya ba. Wahala ce kawai da haƙuri, shi ya sa ba a buɗe masa aji.

Manyan kamfanonin ma da haka suka shigo. Lokacin da Jumia da Konga suka fara a Legas a 2012, abin da ya sa ɗan Nijeriya ya yarda ya gwada shi ne tsarin biya bayan kaya ya iso hannu. Sun gane cewa matsalar mai saye tsoron damfara ce. Jumia ta kai har kasuwar hannun jari ta New York a 2019, ta yi shekaru tana zuba maƙudan kuɗi a talla da rangwame tana tafka asara. Da sabon shugabanci ya zo a ƙarshen 2022, abin da ya fara yi shi ne rage kuɗin talla sosai, ya rufe sashen kai abinci a ƙarshen 2023, ya mai da hankali kan samun kayan da mutane ke iya saye da wuraren karɓar kaya a ƙananan garuruwa. In mai biliyoyi ya gano cewa sayen hankalin jama'a ba ya biyan kansa, ina ga mai jarin dubu ɗari biyu?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne rabon kyauta. A ce duk wanda ya bi shafi ya kira abokansa biyar zai shiga cikin masu cin katin waya ko data. Cikin kwana biyu mabiya su ninka, mai shago ta yi ta murna. Waɗanda suka zo kuwa kati suka zo nema, ba su da niyyar sayen ko ɗankwali. Illar ba ta tsaya nan ba. Manhajojin nan suna lura da yadda mabiya ke karɓar abin da aka wallafa, in suka ga an wuce ba a tsaya ba sai su rage nuna shi. Ka ga kenan baƙin da aka sayo da kati sun tare wa masu saye na gaskiya hanya.

Sannan mabiyan nan ba naka ba ne. A gidan wani suke zaune, mai gidan kuma yana canza doka duk sanda ya ga dama. A watan Janairun 2018 Facebook ya sanar cewa zai fifita abin da 'yan uwa da abokai suka wallafa a kan na shafukan kasuwanci, masu shafuka suka wayi gari sai sun biya kafin yawancin mabiyansu su gan su. Gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Wanda ke da littafi ɗauke da sunaye da lambobin mutanen da suka taɓa saye a wurinsa ya ɗaga waya ya kira su, wanda ke taƙama da adadi ya zauna jira.

Ban ce kada a yi talla ba. Tana da lokacinta, bayan an tabbatar cewa wanda ya shigo zai ga farashi, a amsa masa da wuri, kaya ya isa kamar yadda aka nuna. Masu karɓar kuɗin matasa da matan aure da sunan koyarwa su daina nuna musu hoton yawan mabiya a matsayin shaidar nasara. Su nuna mutum nawa suka saya a watan jiya, nawa ne a cikinsu suka dawo karo na biyu, da abin da ya rage a hannu bayan an cire kuɗin talla da na mota da na kayan da aka maido. Duk malamin da ya ƙi buɗe wannan lissafi, ɗalibi yana da haƙƙin ya nemi a mayar masa da kuɗinsa.