Ɗigon Jini A Fatar Yaro Ba Aikin Wanzami Ba Ne

Jama'a 'yan'uwa mazauna Kudu, akwai wata larura da likitocin yara ke yawan gamuwa da ita, wadda mu iyaye ba mu ɗauke ta a bakin komai ba, wato ƙarancin ƙwayoyin daskarar da jini, waɗanda likitoci ke kira filatilet.

A cikin ɓargo ake yin waɗannan ƙwayoyi, kowace takan yi kwana 7 zuwa 10 tana yawo cikin jini, aikinta kuwa shi ne toshe rauni don jini ya tsaya. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000 a kowane maikirolita na jini. In suka gaza 150,000 an shiga ƙaranci, in kuwa suka faɗi ƙasa da 20,000 jini na iya ɓallewa ba tare da rauni ba, har cikin ƙwaƙwalwa.

Babban mai jawo wannan a ƙasarmu shi ne zazzaɓin cizon sauro, domin yakan cinye ƙwayoyin, saifa kuma ta kumbura ta riƙe wasu. Akwai taifot, da ƙwayoyin cuta masu shiga jini, musamman ga jarirai, da zazzaɓin Lassa wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno. Wani yaron kuwa bayan ƙyanda ko mura sai garkuwar jikinsa ta juya kan ƙwayoyinsa, amma yawancin irin waɗannan sukan warke cikin 'yan watanni. Mafi tsanani shi ne sankarar jini, ko ɓargo ya daina aiki.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne: ƙananan ɗigo ja ko baƙi a fata da cikin baki, waɗanda ba su ɓacewa in an danna su, da kwanciyar jini ba tare da faɗuwa ba, da haɓo mai wuyar tsayawa, da jinin dasashi, da jini a fitsari ko bayan gida.

To, ga inda gizo ke saƙar. Da yawanmu in an ga haka sai a ce iska ce ko mataccen jini, a kira wanzami ya yi tsaga ko ƙaho, ko ya cire beli. Wanzanci sana'a ce mai daraja, amma yaron da jininsa ba ya daskarewa, sa masa aska ganganci ne da rai. Haka kuma asfirin da ake saye a kemis yana ƙara raunana 'yan ƙwayoyin da suka rage. Wasu kuma saboda ba su jin Turanci ko Yarbanci, ga tsadar gwaji, sai su ɗauke yaro daga gadon asibiti su kama hanyar Arewa, tafiyar yini da kwana a mota. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago.

Ra'ayinmu shi ne nauyin yana kan shugabanninmu. Ga asibitin koyarwa na Legas a Idi-Araba, maƙwabcin unguwar Hausawa, ga na Ibadan ba nisa da Sabo. Ya kamata sarakunan Hausawa da limamai su tanadi tafintoci masu raka iyaye wurin likita, su kuma rubuta sunayen samari masu lafiya da za su ba da jini kyauta, domin filatilet ba ya wuce kamar kwana 5 a ajiye, kullum sai an nemi sabo. Gwamnati kuma ta sauƙaƙa kuɗin gwajin jinin yara, don kada talauci ya kori uwa daga bakin gadon ɗanta.

Mu kuma iyaye, mu tambayi likita adadin da gwaji ya nuna, mu haƙura har ya sallame mu da kansa. Allah Ya ba yaranmu lafiya, amin.